TSOFFIN KUƊƊIN AZURFA: FARASHIN LITTAFI DABAN, NA KASUWA DABAN

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey, cikin gundumar Mayahi, ina da goggo wadda ta gaji dalar azurfa 6 daga mahaifiyarta. Shekara da shekaru suna ƙunshe cikin tsumma a gindin kwalla, ba ta fiddo su sai in za a yi wa amarya ado. Da bazara ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai wani jikanta da ya komo daga ci-rani ya nuna mata hoton irin dalar nan cikin wayarsa, da farashi a ƙarƙashi wanda, in an juya shi zuwa sefa, zai sayi shanun noma biyu har da amalanke. Ran kasuwa aka kai guda ɗaya Tasawa. Maƙerin farfaru ya ɗora ta a ma'auni, ya taya abin da bai kai kuɗɗin buhun hatsi ba.

Da na je gaishe ta, tambayar da ta tarye ni da ita ke nan: "Ɗana, kai da ka yi lakwal, wa ke yi mini ƙarya, wayar ko maƙerin?"

Jama'a masu karatu, wannan tambaya ba ta goggona ba ce ita kaɗai. Ta shafi ɗan kasuwar da ake kawo wa irin kayan nan jingina, da alƙalin da zai ƙiyasta su wajen rabon gado, da ma'aikacin duwan da zai gan su cikin jakar matafiyi. Dukansu, in suka rasa abin dogaro, sai su koma ga littattafan farashi da Turawa ke bugawa domin masu tara tsoffin kuɗɗi. To, ina iyakar gaskiyar waɗannan littattafai?

DALA TA DAƊE A ƘASAR NAN

Dalar da ake magana ita ce mai kan mace a fuska ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗayar. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Fatake suka ƙetaro hamada da ita har ta zama abin ciniki a ƙasar Hausa da Barno, Larabawa kuwa suna ce mata riyal. Nauyinta gram 28 ne, azurfa tsantsa a ciki gram 23 da ɗan ɗoriya, sauran jan ƙarfe. Da Faransawa suka zo da tasu azurfar ta tamma 5, mai gram 25, sai sunan dala ya bi ta, shi ya sa har yau muke ce wa sefa 5 dala ɗaya.

Tun wancan zamani farashin dala bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa cikin watan Janairu na 1851, inda ya tarar ana ƙirga wuri 500,000 da hannu. Da ya isa Kano a watan Fabrairu, ya iske ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Kafin ƙarnin ya ƙare, wuri ya yi yawa ya faɗi warwas. Wanda ya riƙe lissafin Barth ya shiga kasuwar Kano bayan shekara 40, da ya sha mamaki. Lissafin gaskiya ne, amma na ranarsa da garinsa. Haka littattafan farashi na yau suke.

SU WA KE RUBUTA FARASHIN?

Wanda ya fi shahara shi ne Standard Catalog of World Coins, wanda Chester Krause da Clifford Mishler suka fara bugawa a Amurka a 1972, mai ɗauke da kuɗɗin ƙasashen duniya har da namu. A fannin kuɗɗin Faransa akwai na Victor Gadoury, wanda ya fara fitowa a 1973. Masu shirya su kan tattara labari daga dillalai da gidajen gwanjo na Turai da Amurka, su fidda ƙiyasi, su jera cikin layi.

Amfaninsu ba ƙarami ba ne. Wajen sanin ƙasar da ta buga kuɗɗi, da shekara, da nauyi, da irin ƙarfen, da yawan da aka buga, da wuya a sami abin da ya fi su. Inda ake samun tangarɗa shi ne layin ƙarshe, wato na farashi, wanda kuwa shi ne idon kowa ke fara sauka a kai.

1780 BA SHAIDAR TSUFA BA CE

Abin da ya fi ruɗa mutane game da dalar goggona shi ne shekarar da ke jikinta: 1780. Kowa ya gani sai ya ce ta haura shekara 240. Ba lalle ba ne. A wannan shekara ce sarauniyar ta rasu, amma da yake ƴan kasuwar Gabas da na Afirka ba su yarda da wata azurfa sai ita, aka ci gaba da buga ta ba a sake shekarar ba. A 1935 Italiya ta sami izinin bugawa a Roma domin yaƙinta na Habasha. Daga 1936 Ingila ta shiga bugawa a Landan, aka kuma buga a Faris, da Burusel, da Bamingam, har da Bombai lokacin yaƙin duniya na biyu. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga kimanin miliyan 389. Gidan buga kuɗɗi na Ostiriya bai daina ba, kuma 1780 ɗin yake sawa.

Gaskiya ne akwai ƴan kaɗan daga bugun farko da masu tarawa ke saye da tsada. Bambancinsu da sauran yana cikin ƙananan alamu, kamar siffar haruffa, da yawan lu'ulu'un da ke ado a kafaɗa da kan sarauniya, da gashin wutsiyar gaggafa. Wani masani mai suna Walter Hafner ya yi littafi sukutum a kan rarrabe su. Farashin da jikan goggo ya gani, in ma na gaskiya ne, na irin waɗannan ne. Galibin waɗanda ke cikin kwallayen matanmu na gama-gari ne, darajarsu tana bin nauyin azurfarsu.

KWABON SARKIN DA YA YI MURABUS

Ga wani misali da ƴan kasuwarmu masu zuwa Katsina da Kano za su gane. Tsoffin kwabbai da aninai masu huda a tsakiya, masu tauraro, na mulkin Ingilishi a Afirka ta Yamma, har yanzu ana tsintar su a gidajenmu. Wasu na ɗauke da sunan Edward na Takwas da shekarar 1936. Wannan sarki bai cika shekara bisa gado ba ya yi murabus a watan Disamba, saboda haka a Ingila kanta ba a saki kuɗɗi masu hotonsa ba, sai ƴan gwaji. Ɗaya daga cikinsu, na zinariya, an sayar da shi fam miliyan 1 a watan Janairu na 2020.

Mai yaudara kan haɗa wannan labari da kwabon da ke hannunsa. Alhali kuwa kwabo da anini na Afirka ta Yamma masu sunan sarkin an buga su miliyoyi, sun kuma yi yawo a kasuwanni kamar kowane kwabo. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma tsakanin darajarsu akwai tafiyar sama da ƙasa. Wanda ya kuskure layi cikin littafi, ko aka nuna masa layin da ba nasa ba, ya yi cinikin biri a sama.

INDA LITTAFI KE KAUCE WA KASUWA

Ko da an dace da layin da ya dace, akwai dalilai huɗu da ke sa farashin littafi ya saɓa da abin da za a ƙirga maka a hannu.

Na farko, lafiyar kuɗɗin. Kowane layi yana da farashi hawa-hawa. Faransawa na da matakai 6, daga B, wato wanda ya goge ƙwarai, zuwa FDC, wanda hannu bai taɓa ba tun fitowarsa. Amurkawa na bin ma'aunin Sheldon na 1949, mai hawa 70. Tsakanin matakin ƙasa da na sama farashi kan ninka sau da yawa. Dalar da aka huda, ko aka liƙa mata kunne don rataya, ko aka dirje da toka da lemun tsami, ta fita daga layin gaba ɗaya a idon mai tarawa. Mu kuwa akasarin namu haka suke, don ado muka ajiye su.

Na biyu, lokaci. Kafin littafi ya fito daga maɗaba'a, an yi watanni da tattara alƙalumansa, azurfa kuwa ba ta jiran kowa. A watan Janairu na 1980 oza ɗaya, wato gram 31, ta kusa dalar Amurka 50. Kafin ƙarshen Maris ta faɗo kusan 11. Ta sake kusantar 50 a Afrilun 2011, ta koma wajen 12 a Maris na 2020, sannan ta haye 50 a Oktoban 2025. Ƙari a kan haka, kamfanin da ke buga littafin Krause ya karye a 2019, don haka yawancin kwafin da ke yawo sun kwana biyu. Mu nan mun san wannan darasi tun ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa: farashin da ke rubuce da kuɗɗin Faransa ya ninka biyu a dare ɗaya, alhali azurfar ko gram ba ta ƙaru ba.

Na uku, wa ke saye, wa ke sayarwa. Abin da littafi ke nunawa shi ne abin da mai tarawa zai biya dillali a kanti, ba abin da dillali zai biya ka ba. Duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san kuɗɗin sari ba su ne na sayarwa ba. A cire ribar dillali, da kamashon gidan gwanjo, da kuɗɗin aikawa, da na tantancewa, a ga abin da ya rage. Hotunan da ke yawo ta Facebook da WhatsApp sun fi wannan muni, domin galibi kuɗɗin da mai kaya ya sa ne, ba wanda aka sallama ba. Kowa na iya sa wa akuyarsa kuɗɗin raƙumi.

Na huɗu, ƙarancin ciniki. Kuɗɗin Amurka da na Faransa ana cinikinsu kullum, ƙiyasinsu yana da madogara. Na Afirka kuwa, kamar na zinariya da azurfa masu hoton Diori Hamani da shekarar 1960, waɗanda aka buga domin tunawa da ƴancin kai ba don kashewa ba, jefi-jefi suke fitowa gwanjo. Inda ciniki ya yi ƙaranci, alƙalamin littafi ya fi kusa da zato.

TO, MENE NE ABIN YI?

Mai azurfa ya fara da ma'auni. Ya tambayi kuɗɗin gram ɗaya na ranar, ya ninka sau 23. A misali, in gram ya kama jikka ɗaya, dala ta doshi jikka 23 ke nan, maƙeri kuma zai rage nasa. Wannan shi ne ƙasan farashi. Duk tayin da ya yi nisa da shi ta ƙasa cuta ce, wanda ya yi nisa ta sama kuwa abin a tsaya a yi tambaya ne. Kada ya tsaya ga mai saye ɗaya, ya ji bakin biyu ko uku, ko da zai kai Maraɗi ko Damagaram.

Mai saye ya tuna jabu sun yi yawa. Dalar ƙwarai ba ta bin maganaɗisu, nauyinta bai kauce wa gram 28 sai ɗan abin da gogewa ta ci, kuma tana da rubutu mai tudu a gefenta. Amma maganaɗisu kaɗai bai isa ba, tun da jabun tagulla ma ba ya kama shi. Wanda aka zo masa da labarin wani Bature da ke jiran kayan da miliyoyi, aka ce ya fara sayen su ko ya biya kuɗɗin takardu, ya tuna kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ma'aikacin da aka ɗora wa ƙiyasta gado ko kaya, in ya duba littafi, ya rubuta sunansa da shekarar bugunsa da matakin da ya ɗauka, ya haɗa da farashin azurfa na ranar, don kada magada su rabu a kan alƙalamin da babu mai biyan sa.

Abu na ƙarshe: kada a wanke, kada a yi gaggawar narkewa. Dala mai wata shekara da ba 1780 ba, ko wadda siffarta ta bambanta da saura, a ɗauki hotonta fuska biyu da gefe, a nuna wa masani tukuna. Dalolin da maƙeran Abzin da na ƙasar Hausa suka narke suka yi zobba da mundaye ba su ƙirguwa, kuma abin da ya shiga wuta ba ya komowa.

Amsar da na ba goggo ita ce: maƙerin ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ya ɗan matse hannu, wayar kuwa labarin wata dala ta ba ta, ba tata ba. Da muka zagaya wajen masu saye uku, ta sayar da biyu a kan abin da ya ɗara tayin farko, ta sayi hatsin da ya kai gidan ga kaka. Sauran huɗun ta mayar cikin tsummansu, ta ce na jikokinta mata ne.