Na'urar auna lokacin zagaye

Na'urar auna lokacin zagaye wata ƙaramar na'ura ce da ake ɗaurawa a motar tsere ko babur domin ta ƙirga tsawon lokacin da direba ya ɗauka kafin ya kewaya filin tsere sau ɗaya ya dawo kan layin da ya tashi. Tana nuna sakamakon a gaban direba nan take, yawanci har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, sannan ta adana shi don a duba bayan an tsaya. Masu tsere don sha'awa ne suka fi dogaro da ita, kuma galibi su da kansu suke haɗa ta, tunda ba su da injiniyoyi kamar manyan ƙungiyoyi. Lokacin da take nunawa na amfanin direba ne kawai. Ba da shi alƙalan tsere suke fitar da wanda ya yi nasara ba.

Tarihi

Da farko da agogon hannu mai dannawa ake auna tsere. A shekarar 1916 kamfanin Heuer na ƙasar Suwizalan ya fito da agogon Mikrograph mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, sai dai yatsan mai dannawa bai kai agogon sauri ba. A gasar Formula 1 ta Italiya a Monza, shekarar 1971, Peter Gethin ya yi nasara da ratar daƙiƙa 0.01 kacal. A Jerez ta ƙasar Sifen kuma, a zagayen neman gurbin tashi na shekarar 1997, Jacques Villeneuve da Michael Schumacher da Heinz-Harald Frentzen duk sun yi minti 1 da daƙiƙa 21.072 daidai, aka ba Villeneuve gurbin gaba saboda shi ya fara kafa lokacin. Irin wannan rata ba ta aunuwa da hannu.

Na'urori masu amfani da GPS sun samu shiga ne bayan watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon da taurarinta ke aiko wa farar hula.

Yadda take gane an ƙetare layi

Duk aikin na'urar ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato ta gane daidai lokacin da mota ta ƙetare layin tashi. A tsarin hasken infared, ana kafa fitila a gefen layin tana jefa wani haske da ido ba ya gani, a cikin mota kuma akwai ƙaramin idon lantarki da ke kama hasken idan an zo wucewa. A filayen ƙananan motocin kat ana binne sandar maganaɗisu a ƙarƙashin kwalta, sai a ɗaura abin da zai ji ta a ƙasan motar.

Taransifonda ita ce ta alƙalai. Kowace mota tana ɗauke da tata mai lamba ta daban, wata waya da aka shimfiɗa a cikin kwaltar layin tana karɓar lambar ta miƙa wa kwamfutar masu shirya tsere. Kamfanin AMB na ƙasar Holan, wanda yanzu ake kira MYLAPS, shi ne ya fi shahara a wannan fanni.

GPS ba ya buƙatar a kafa komai a fili. Direba yana shata layin tashi a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ita kuma tana lura da inda motar take daga taurarin ɗan'adam, aƙalla guda 4. Abin da ke bambanta mai kyau da marar kyau shi ne sau nawa take sabunta wurin a daƙiƙa ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 144 a awa tana cin mita 40 a kowace daƙiƙa. Yawancin wayoyin hannu sau ɗaya suke sabuntawa a daƙiƙa, ke nan tsakanin awo da awo motar ta yi mita 40. Na'urar da ke sabuntawa sau 10 tana rage tazarar zuwa mita 4, mai sau 25 kuma zuwa mita 1.6. Tunda da wuya awo ya faɗo daidai kan layi, na'urar tana ɗaukar awon da ya gabaci layin da wanda ya biyo bayansa ta lissafa tsakani. Shi ya sa masu amfani da manhajojin waya irin su RaceChrono da Harry's LapTimer sukan sayi ƙaramin akwatin GPS na daban su haɗa da wayar ta Bluetooth.

Haɗawa a mota

Allon na'urar ana sa shi inda direba zai gani da ɗan kallo ɗaya yana sanye da hular kwano, ba tare da ya tare masa hanya ba. Robar da ke manne wa gilashi ba abin dogaro ba ce a tsere, domin zafi da girgiza suna sakin ta, kuma na'urar da ta faɗo ta shige ƙarƙashin birki haɗari ce. An fi son a ɗaure ta da kusoshi ko maɗauri a jikin ƙarafan kariya.

Eriyar GPS tana son sararin sama. Wuri mafi kyau shi ne saman rufin mota, nesa da kyamara da sauran eriyoyi, domin rufin ƙarfe da wasu baƙaƙen ledojin gilashi masu ƙarfe a ciki suna tare saƙon. Idon infared kuwa dole ya kalli ɓangaren da fitilar take, tsayinsu daga ƙasa ya zo ɗaya. Idan aka juya alƙiblar tsere, sai an mayar da idon ɗaya gefen, kuma wannan mantuwa ce da ake yawan yi. Taransifonda ana ɗaura ta a tsaye, kada ta wuce santimita 60 daga ƙasa, kuma kada ƙarfe ya shiga tsakaninta da kwalta.

Idan daga batirin mota za ta sha wuta, a ja mata wayarta ta daban mai fiyus, wayar da ke komawa jikin mota kuma a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare fenti da tsatsa. Kada wayoyinta su bi hanya ɗaya da wayoyin fulogi.

Matsaloli da gano su

Lambar da na'ura ta nuna takan faɗi inda matsalar take. Idan zagayen da aka saba yi a daƙiƙa 90 ya fito 180, na'urar ta tsallake wucewa ɗaya ne ta haɗe zagaye biyu. A tsarin infared dalilin yakan zama ƙura a kan ido, ko batirin fitila ya yi sanyi, ko wata mota ta shiga tsakani a daidai layin, ko rana ta yi ƙasa tana haska idon kai tsaye. A GPS kuwa yawanci layin da aka shata ne ya yi gajere, motar ta bi ta gefensa.

Idan lokacin ya fito gajere ainun, kamar daƙiƙa 30, wani abu ne ya ruɗe ta. Ko dai wata ƙungiya ta kafa tata fitilar a wani wuri, ko kuma layin GPS ya yi tsawo har ya taɓo wani sashe na hanyar inda ta lanƙwaso kusa. Maganin wannan shi ne saitin mafi ƙarancin lokacin zagaye, wanda ke sa na'ura ta yi watsi da duk wani saƙo har sai adadin daƙiƙoƙin da aka sa mata ya cika. Sai dai idan aka sa shi sama da ainihin lokacin zagayen, shi kansa zai jawo matsalar farko. Ga zagayen daƙiƙa 90, saitin 70 ya wadatar.

Na'urar da ke mutuwa ta sake kunnuwa lokacin tada mota, faɗuwar wuta ce ke damun ta. Wadda ke rikicewa sai inji ya ɗau zafin gudu kuma, sau da yawa hayaniyar lantarki ce daga fulogi. Rashin kama taurari da safe ba lalacewa ba ne: na'urar da ta daɗe a kashe ko aka yi doguwar tafiya da ita tana buƙatar a kunna ta a fili na 'yan mintoci kafin a shiga tsere.

A arewacin Najeriya da Nijar

Tseren motar da aka fi sani a wannan yanki na dogon zango ne, inda ake auna lokaci daga wuri zuwa wuri maimakon zagaye. Tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma a shekarar 2000 daga Yamai aka kwashe masu tseren da jiragen sama zuwa Libiya saboda barazanar tsaro. A Najeriya akwai jerin gwanon motoci da ke tafe da bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, wanda a 2020 ya tashi daga Abuja. Yawancin na'urorin GPS suna da saitin da ke karɓar layin tashi daban da layin ƙarshe don irin wannan.

Yanayi yana da tasiri a kan irin na'urar da ta dace. Kwarin kogin Hadejia a jihar Jigawa misali ne mai kyau. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ba tsaunuka ba dogayen gine-gine, abin da GPS ke so ke nan. Amma ruwa yana malale fadamun a watannin Agusta da Satumba, laka ta bushe ta tsattsage da rani, don haka duk abin da aka binne, waya ko maganaɗisu, ba zai daɗe a wurinsa ba. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana dushe idon infared, ga kuma ƙurar da motar gaba ke tayarwa a hanyar burji. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, cikin rufaffiyar mota kuma ya fi haka nesa ba kusa ba, har wayar hannu ta rage hasken allonta ko ta kashe kanta. Akwai kuma wani abu da ya shafi duk ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya: bayan faɗuwar rana saman sararin samaniya yakan hargitsa saƙon taurari, don haka awon GPS na dare ba ya kai na rana inganci a wasu ranaku.