Wa Zai Riƙe Yaro In Aure Ya Mutu?

A ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, in aure ya mutu akan ji mutane suna cewa, ɗa na uba ne, da an yaye shi sai a mai da shi gidan ubansa. Wannan al'ada ce. Amma in magana ta kai gaban alƙali, ba da al'ada zai yi hukunci ba, sai da littattafan Malikiyya, kamar Risala da Muhtasar.

To, ga abin da ke cikinsu. Reno, wanda malamai ke kira hadana, uwa ce ta fi kowa cancanta da shi. Ita za ta riƙe ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu, ko ta auri wani wanda ba muharramin yaron ba, reno ya koma ga kakarsa ta wajen uwa, bayanta sai 'yar'uwar uwa. Sai an rasa waɗannan tukuna a waiwayi dangin uba.

Kada ka zaci an kori uba. Ci da sha da tufafi duk suna wuyansa, alƙali ya yanka masa gwargwadon ƙarfinsa. Yana da ikon ya riƙa duba ɗansa, ya hore shi, ya sa shi makaranta, amma wurin mai reno yaro zai kwana.

Mai reno kuma akwai sharaɗi a kanta. Lalle ta zama mai hankali, mai amana, mai wurin zama inda ba a jin tsoron abin da zai sami yaro. In uba ya ce ba ta cika waɗannan ba, alƙali zai saurari shaidu kafin ya yanke.

Akwai kuma batun ƙaura. In uba zai tashi ya koma wani gari da zama, nisansa ya kai barida 6, watau kamar mil 72, hanya kuwa da aminci, yana iya tafiya da ɗansa. Fatauci ba ƙaura ba ne. Wanda ya tashi daga Gumel ya koma Maigatari ko Gagarawa kuwa bai kai wannan nisa ba ko kusa.

Wanda hukunci bai gamshe shi ba ya ɗaukaka ƙara. Tun da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a tana Dutse, tsarin mulkin 1999 kuwa ya ba ta ikon duba irin wannan magana.

Ka ga ashe duk wannan domin yaro aka yi shi, don kada fushin manya ya raba shi da mai jin ƙansa ko da mai ciyar da shi.