Rumbunan Amurka a Cikin Hoto

Idan kun taɓa zuwa ƙauye a ƙasar Hausa, kun ga rumbu. Da laka ake gina shi, a ɗora masa jinka, a zuba gero da dawa a ciki. Manoman Amurka ma suna da nasu, sai dai ya sha bamban da na Hausawa. Katafaren gini ne na katako. A ƙasa ake ɗaure shanu da dawaki, a sama kuma a tara busasshiyar ciyawa saboda lokacin sanyi. Da yawansu jajaye ne, domin a da manoma kan haɗa fenti da kansu, su zuba tsatsar ƙarfe a cikin mai, saboda ta fi araha.

A shekarar 1935, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, gwamnati ta tura masu ɗaukar hoto ƙauyuka a ƙarƙashin jagorancin Roy Stryker. A cikinsu akwai Walker Evans da Dorothea Lange. An tura su ne su nuna wahalar da manoma suke ciki, amma hotunan suka yi kyau har aka riƙa rataye su a gidajen nunin zane. Aikin ya kai 1944, kuma kimanin hotuna 175,000 suna ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokoki a Washington.

Kuna iya tambaya, me ya raba irin wannan hoto da wanda kuke ɗauka da waya? Babban abin shi ne haske. Gwanin hoto yakan je da sassafe ko gab da faɗuwar rana, lokacin da haske yake zuwa daga gefe. A sannan ne tsagar katako da ɓawon fenti suke fitowa sosai, inuwa kuma ta miƙe a kan gona. Yana iya komawa wuri guda sau da yawa yana jiran gajimare. Bayan haka sai a buga hoton a takarda mai kauri ta auduga, da tawadar da ba ta saurin koɗewa. Idan kun ga 7/50 a ƙasan hoto, ma'anarsa guda 50 kawai aka buga, wannan ne na bakwai. Ƙarancin nan ne yake ɗaga kuɗinsa.

Akwai abin lura a nan. Tun da tarakta ta maye gurbin doki, manoma da yawa suka daina amfani da tsofaffin rumbunan, gyaransu kuma yana cin kuɗi. Mutumin birni yakan sayi hoton rumbun da ya karkace, ya ƙawata falonsa da shi. Mai gonar kuwa rufin da yake yoyo yake gani. Wasu rumbunan, kafin hotonsu ya isa kasuwa, iska ta riga ta kayar da su, an kwashe katakon an sayar wa kafintoci.