Wa Zai Mayar Da Yaranmu Filin Wasa?

Idan ka tsaya a kasuwar Ƙanƙara ko ta Sheme ka ce ƙiba tana neman zama matsala ga yara, mutane za su dube ka su ce wannan damuwar masu ƙoshi ce. Ba zan ga laifinsu ba. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sanadiyyar tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ma ya nuna fiye da rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Yunwa ita ce babbar cutarmu, kuma babu mai musun haka.

To amma ni malamin motsa jiki ne, na daɗe ina jera yaran firamare a layi da safe, kuma abin da nake gani yanzu ba shi nake gani a da ba. A layi ɗaya za ka ga yaron da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, kusa da shi kuma ga wani ya yi ɓul-ɓul, wanda in ya zagaya fili sau ɗaya sai ya dafa gwiwa yana haki. Na biyun ba su da yawa tukuna, sun fi yawa cikin 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa, amma ƙaruwa suke yi. Abin da ya haɗa su biyun shi ne babu mai wasa irin wanda muka yi.

Mu da muka tashi a wannan yanki ba mu san wani abu wai shi atisaye ba, rayuwar ce atisayen. Da damina kana gona, ana noman masara da dawa da auduga. Da rani kana bayan awaki, ko kana ɗebo ruwa, ko kuna yawon tsinkar kanya da magarya a daji. Idan farin wata ya fito, dandali ya cika: maza na langa da kokawa, mata na gaɗa, har sai iyaye sun fito sun kora kowa gida. Bayan an kawar da amfanin gona kuwa, ƙauye kan gayyaci ƙauye kokawa, yara su taka da ƙafa su je kallo su dawo cikin dare babu fargabar komai.

Tsoro ne ya raba mu da wannan. Daga Ruwan Godiya da Yankara a Faskari, zuwa ƙauyukan Sabuwa da ke bakin dajin Birnin Gwari, wace uwa ce za ta bar ɗanta ya yi nisa da gida bayan la'asar? Daren 11 ga Disamban 2020, da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, ya canza yadda kowane uba ke kallon makaranta da filinta. An sako yara 344 bayan kwana shida, mun gode Allah, amma zukata ba su koma yadda suke ba. Dandali ya mutu a garuruwa da dama. Iyalai masu yawa sun yi ƙaura zuwa Funtuwa da Malumfashi da Katsina, suna zaune a ɗakin haya, yaron da ya saba kora shanu ya koma zaman tsakar gida. Mai hali ya miƙa masa waya don ya zauna wuri ɗaya. Ni ban zargi uban da ya yi haka ba, ran ɗansa yake tsarewa.

Abinci ma ya sauya. Kuɗin tara da ake ba yaro, a da ƙosai ko gyaɗa ko dafaffen rogo yake saye. Yau biskit ne da alawa da lemon roba mai launi, da dare kuma taliyar leda. Waɗannan suna cika ciki da sukari da mai, ba sa gina jiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da masana lafiya suka tabbatar: yaron da ya sha yunwa tun yana ciki ko yana jariri, idan daga baya ya samu irin wannan cimar kuma ba ya motsi, yana cikin haɗarin tara kitse da kamuwa da ciwon sukari da hawan jini idan ya girma. Wato tamowar yau ba ta kare mu daga ƙibar gobe ba, hanya take share mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima, kuma matsalar ta daina zama ta ƙasashen masu arziki kaɗai. Gwamnatin Najeriya da kanta ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Mu kuwa har yanzu in yaro ya yi kumatu sai mu ce ya samu hutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙi: yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla awa ɗaya kullum yana motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru. Tambayar ita ce wa zai tsaya a kan wannan awa ɗayar.

A nan wani labari daga Amurka yake burge ni. Suna da wasan da ake kira besbol, inda ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda a ruga a zagaya tashoshi huɗu. A 1939 wani mutum mai suna Carl Stotz, a garin Williamsport, ya kafa wa yara gasar da ake kira Little League da ƙungiyoyi uku kacal. Ya rage girman fili daidai ƙafar yaro, ya nemo manya 'yan sa-kai su koyar. Yau gasar ta bazu ƙasashe da dama, har yaran Lugazi na Yuganda suka je babbar gasarta a 2012. Ba sandar ko ƙwallon nake so mu ɗauko ba, ba mu da su kuma ba ma buƙatarsu. Abu biyu nake so: babba ya ba da lokacinsa kyauta, da kuma dokarsu da ta ce duk yaron da ke cikin ƙungiya, in ya zo fili, dole a sa shi ya buga.

Wannan dokar ce muka rasa a ƙwallon unguwa. Gwanaye su ake zaɓa, mai jiki a tura shi gola ko a bar shi yana tsaron takalma, ana yi masa laƙabi. Sati biyu ya daina zuwa, alhali shi ya fi kowa buƙatar filin. Shi ya sa nake fara wa yarana da langa. Ba ta cin ko kwabo, ƙafa ɗaya ka riƙe da hannu, ɗayar ka yi ta tsalle. Minti biyar na langa sai gumi ya jiƙa riga. Kuma tana da wuri ga kowa: siriri mai zafin nama shi ne ruwa, ya zille ya kai gida, mai nauyi kuma shi ne garkuwarsa, in aka zo ture-ture kowa shi yake so a ɓangarensa. Na ga yaron da ake tsokana ya zama wanda ake rububi a yamma ɗaya. Wasa ne da har a Gasar Wasanni ta Ƙasa ake yin sa tare da kokawa da dambe, bai kamata a ce a garuruwan da suka gaje shi ne yara ba su iya shi ba.

Sai dai mai koyar da wasa a ƙasarmu dole ya fara duban yaro kafin ya busa usur. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Nakan tambaya, "Ɗana, me ka ci yau?" In ya sunkuyar da kai, ba zan sa shi gudu ba. Wanda gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafarsa ta kumbura, ko yake yawan jiri, asibiti ne wurinsa, kuma nakan je har gida in ce, "Malam, a daure a kai yaron nan a duba shi." Idan wani mai hali ya ce zai taimaka wa 'yan wasa, nakan roƙe shi kada ya kawo katan na lemo. Ya kawo ruwa mai tsabta, da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko awara, tunda waken suya a gonakinmu ake noma shi.

Lokaci da wuri ba su da wuya in an yi niyya. Alhamis da Juma'a yawancin Islamiyyu na hutu. A yi bayan la'asar, cikin gari, a filin makarantar da iyaye suka sani, a tashi kafin magariba, kuma a tabbatar kowane yaro ya shiga gida. 'Yan mata su ma jiki gare su, kuma su aka fi mantawa. Malama ɗaya a harabar makaranta mai katanga ta isa ta farfaɗo da gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya, babu abin da ya saɓa wa tarbiyya a ciki.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da hakimai da masu unguwanni, su hana yanka filayen makarantu ana yin shaguna, su kuma sa a riƙa tsaron wurin a lokacin wasa. Shugabannin makarantu su daina mayar da darasin motsa jiki lokacin shara. Kai kuma ɗan'uwa da ka taɓa yin langa ko kokawa ko ƙwallo, ka nemi izinin iyaye, ka tara yaran layinku ranar Alhamis mai zuwa, kada ka bar ko ɗaya a gefen fili.