Shawara A Abuja, Shiru A Yawunde, Asara A Kasuwar Garwa

Duk ɗan kasuwar da ke da rumfa a babbar kasuwar Garwa, ko mai cin kasuwar Pitowa ran Lahadi, ko mai kai shanu Adumri, akwai tambayar da yake fara yi kafin ya sa wa kayansa farashi da safe: nawa naira ta kwana? Ba kasafai za ka ji yana tambayar abin da aka zartar a majalisar dokoki ta Yawunde ba. Wannan kuwa ba rashin kishin ƙasa ba ne, lissafi ne kawai. Daga Garwa zuwa Yola, in da a miƙe za a bi, bai wuce kilomita 100 da 'yan kai ba, alhali kafin mutum ya isa Yawunde a mota sai ya share fiye da kilomita 1,000. Saboda haka idan ana zancen manufofin shugaban ƙasa game da ƙasashen waje, mu a nan arewa, dangantaka da Najeriya ce kan gaba, sauran duk a bayanta suke.

Tarihi ma haka ya nuna. Tun lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, lamidon Garwa da sauran lamiɓe na wannan yanki can suke kai gaisuwa, fatake kuma suna ratsa ƙasar daga Kano da Borno har Ngaundare ba tare da wani ya tambaye su takarda ba. Jamus da Ingila ne suka zauna a 1893 suka ja layi, suka bar Yola a gefe guda, yawancin ƙasarta a ɗaya gefen. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 kuma mutanen su Mubi suka zaɓi zama a Najeriya, abin da ya ɓata wa marigayi Shugaba Ahmadu Ahijo rai har ya ware ranar makoki a ƙasa.

Amma a lura da abin da Ahijo ya yi bayan haka. Shekara shida kacal da wannan ɓacin rai, yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967. Faransa, wadda ita ce babbar ƙawar Kamaru, ta karkata wajen 'yan aware, wasu ƙasashen Afirka irin su Gabon da Kwaddibuwa har suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa. Ahijo ya ƙi. Ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon har aka gama yaƙin a 1970. Haifaffen Garwa ne, ya san cewa wutar da ta kama gidan maƙwabci ba ta san katanga ba.

Shugaba Paul Biya shi ma, a faɗi gaskiya, yana da abin da za a yaba masa a wannan fanni, kuma bai kamata zafin siyasar yau ya sa mu manta ba. Lokacin da rikicin Bakasi ya yi tsanani, akwai masu zuga a ɓangarorin biyu da ke son a gwabza. Biya ya kai ƙara Kotun Duniya a 1994, ya yi haƙurin shekara takwas har aka yanke hukunci ran 10 ga Oktoban 2002. Bai yi rawar kai ba bayan ya yi nasara. Ya zauna da Shugaba Obasanjo a gaban Kofi Annan suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka ran 12 ga Yunin 2006, sannan aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wannan hukunci ya shafe mu kai tsaye, domin ya haɗa da iyakar ƙasa tun daga tafkin Cadi, inda garin Darak ya dawo hannun Kamaru. Da an yi yaƙi a lokacin, da ba 'yan kamun kifin Bakasi kaɗai za su ɗanɗana ba. Da Fotokol da Amcide da Demsa duk an rufe su, Allah kaɗai Ya san har zuwa yaushe. Irin wannan natsuwa ita ce ake so ga shugaba.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, bayan an kafa duwatsun iyaka, sai aka yi kamar aiki ya ƙare. Gwamnatocin biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar ciniki a 2014. Shugaba Buhari ya zo Yawunde a Yulin 2015, Biya ya rama ziyara a Abuja a Mayun 2016. Sai dai batun Boko Haram ne ya mamaye waɗannan ganawa, kuma ba laifi, domin jini ake zubarwa a Kolofata da Mora da Fotokol. Amma mai karatu ya duba abin da ya biyo baya.

A Yulin 2019 Buhari ya je Yamai ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. Tawada ba ta gama bushewa ba, a watan Agusta, ya fara rufe iyakokin ƙasa, zuwa Oktoba aka hana shiga da fita da kowane irin kaya ta ƙasa. A Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Yana da hujjarsa, kuma mu ma kada mu yi kamar ba mu san ta ba: shinkafar Asiya da ake saukewa a Kwatano da Duwala ba duka ake cinye ta a Binin da Kamaru ba, kowa ya san inda take kwana. Amma hukuncin ya haɗa mai laifi da marar laifi. Mai albasa da mai wake da mai busasshen kifi, waɗanda kayansu daga gonakinmu da ruwanmu suka fito, su ma aka tare su, kayan wasu suka ruɓe a mota. Da aka tashi buɗewa a Disamban 2020, ƙofofi huɗu aka fara da su: Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Ta ƙarshen ce kaɗai ke kallon Kamaru, ita ma can kudu take. Sabuwar gadar da aka ƙaddamar tsakanin ƙasashen biyu a 2022 ma can ɗin aka yi ta, tsakanin Mfum da Ekok.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, sai Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022 cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen Janairun 2023. Wa ya tuna da ɗan canjin Garwa ko mai shanun Adumri da ke riƙe da naira a buhu, ba shi da asusun ajiya a Najeriya? Mutane suka riƙa rabuwa da tsofaffin takardu a kan farashin wulaƙanci don gudun kada su zama takardar ƙosai. Daga baya Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin, amma wanda ya riga ya sayar da nasa da asara ba wanda ya mayar masa.

Na uku shi ne wanda har yanzu muke cikinsa. Ran 29 ga Mayun 2023, a wurin rantsar da shi, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Shekara da shekaru zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi a jarka, shi ke tafiyar da 'yan acaɓa da injinan niƙa da na ban ruwa daga Garwa har Kusiri, domin ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Ma'ana, baitulmalin Najeriya ne ke ɗauke da wani kaso na kuɗin sufurin arewacin Kamaru, kuma gwamnatinmu ta daɗe tana kau da kai saboda hakan ya rage mata nauyi. Da tallafin ya tafi, sai aka rasa tudun dafawa, domin a daidai wannan lokaci Yawunde ita ma ta ƙara nata farashin: daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan 840 a Fabrairun 2024.

A watan Yunin 2023 ɗin kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke lissafawa a kan naira 460 da wani abu ta wuce 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Wanda ya riƙo sefa ya je Mubi ko Kano saro robobi da atamfa da kayan gyaran babur, kakarsa ta yanke saƙa. Wanda kuwa ya kora shanu ko ya ɗauki hatsi zuwa can, a naira za a biya shi, kafin ya dawo gida ya canza rabin ribar ta narke a hanya. Dattawan kasuwa za su tuna cewa an taɓa ganin irin haka ta ɗaya fuskar a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya.

Najeriya ƙasa ce mai 'yancin kanta, ba wanda zai hana ta tsara kuɗinta da manta yadda ta ga dama. Abin tambaya yana wuyan tamu gwamnatin: a duk waɗannan matakai uku, wane tanadi ne ya iso rumfar ɗan kasuwar Garwa? Kada a ce mana ƙasashen biyu ba sa jin maganar juna. A Janairun 2018 jami'an tsaron Najeriya sun kama jagoran 'yan awaren yankin masu magana da Ingilishi, Sisiku Ayuk Tabe, da abokansa a Abuja, kafin wata ya ƙare an miƙa su Yawunde. Ashe idan magana ta shafi kujera, waya tana shiga da wuri.

Ga kuma kogin Binuwai. Iyayenmu sun ga lokacin da jiragen ruwa ke zuwa tashar Garwa da damina, su sauke gishiri da siminti da mai, su ɗauki auduga da gyaɗa su gangara ta Yola da Lokoja har bakin teku. Yaƙin Biyafara ya katse wannan hanya, isowar jirgin ƙasa Ngaundare a 1974 ya karkatar da kayan zuwa Duwala, yashi kuma ya cike sauran. Madatsar Lagdo da 'yan Sin suka kammala a 1982 ta ba mu wuta da ruwan noma, amma takwararta ta Dasin Hausa da ya kamata Najeriya ta gina don tare ruwan da ake saki har yau ba a kammala ta ba. Shi ya sa a ambaliyar 2012 da ta 2022 sunan Lagdo ya cika bakin mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi. Kogin da ya kamata ya zama hanyar arziki tsakanin ƙasashen biyu ya koma abin zargin juna duk damina. Hanyar mota ma ba ta tsira ba. Aikin titin Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ya tsaya cik bayan an sace ma'aikata 'yan Sin goma a Waza a Mayun 2014, ya ɗauki shekaru yana tafiyar hawainiya, direbobin manyan motoci masu zuwa Njamena sun san adadin tayoyin da suka binne a can.

Wannan takaici ne ya fito fili a zaɓen 12 ga Oktoban 2025. Manyan 'yan arewa biyu da suka daɗe cikin gwamnati, Isa Ciroma Bakari da Bello Buba Maigari, suka fice suka tsaya takara. Biya, yana da shekara 92, Marwa ya zaɓa ya yi babban taronsa na neman ƙuri'a, alamar ya san inda nauyin yake. Ran 27 ga Oktoba Majalisar Tsarin Mulki ta ce ya samu kashi 53.66 cikin ɗari, Ciroma 35.19. Ciroma ya ce shi ya ci, aka yi zanga-zanga a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, aka rasa rayuka, aka kama mutane da dama, aka yi kiran zaman gida na kwana uku a farkon Nuwamba. Daga bisani gwamnatin Gambiya ta sanar cewa ta ba shi masauki.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ƙona ofis da rufe kasuwa ba su taɓa gina titi ba, kuma mai tumatir da mai nama, waɗanda sai sun fita suke ci, su ne suka biya kuɗin kwana ukun nan, ba minista ko ɗan takara ba. Wanda ya ga abin da ya sami Banki da Gamboru ba zai yi wasa da zaman lafiya ba. Amma wanda ke kira a yi biyayya ga hukuma dole ya iya gaya wa hukuma gaskiya. Ƙuri'un da Ciroma ya samu a nan ba don an manta cewa ya shekara kusan goma yana ministan watsa labarai, yana kare wannan gwamnati ba ne. Mutane sun gaji ne da jin cewa ana tuna su ranar zaɓe kawai. Har gobe akwai dattawa a Garwa da ke jin ciwon cewa Ahijo, wanda ya miƙa mulki da hannunsa a Nuwamban 1982, ya rasu a Dakar a 1989 kuma can kabarinsa yake. Dawo da shi gida ba ya buƙatar bashin Bankin Duniya.

Abin da 'yan kasuwa za su nema kuwa ba mai wuya ba ne, kuma ƙungiyoyinsu da lamiɓe suna da bakin faɗa. Kamaru tana cikin CEMAC, Najeriya tana cikin ECOWAS, don haka sassaucin da ɗan Maraɗi ya saba samu a Jibiya, ɗan Garwa bai taɓa samun irinsa a Belel ba. Yarjejeniyar nahiyar da ta fara aiki a Janairun 2021, wadda ƙasashen biyu suka amince da ita, ita ce za ta cike wannan giɓi, in an sauko da ita daga takarda. A rubuta kuɗin duwan na buhun albasa da na kan saniya a allo a Demsa da Bukula da Fotokol, da Faransanci da Hausa da Fulatanci, yadda kowa zai karanta. A rage shingayen da ke tsakanin Garwa da iyaka, inda kowane mai kaki ke da nasa farashin. Gwamnan jihar Arewa da na Adamawa ta Najeriya su riƙa zama da shugabannin kasuwa, ba da hafsoshi kaɗai ba. Sannan a nemi alkawari a rubuce daga Abuja cewa kafin a sake rufe iyaka ko sauya takardar kuɗi za a ba maƙwabta sanarwar wata uku, yadda mai naira a buhu da mai albasa a mota za su samu su kai kayansu inda za su.