Tsohuwar Aska: Tarihin da Ke Kwance a Zabirar Wanzaman Yola da Jimeta

A gidajen wanzamai na gado a Yola da Jimeta, zabira tana nan rataye, amma abin da ke cikinta ya sauya. Ranar askin suna, sabuwar reza ake ɓarewa a gaban mahaifin jariri. Tsohuwar askar da kaka ya bar wa uba ta koma ƙasan zabira tare da dutsen wasa, tsatsa na cin ta sannu a hankali.

Wannan sauyi yana da hujja. Tun da aka ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, jami'an lafiya ke gargaɗi a kan yi wa mutane da yawa aiki da ƙarfe guda, saboda ita da ciwon hanta suna yaɗuwa ta jini. Babu mai hankalin da zai nemi a koma gidan jiya. Tambayar da ta rage ita ce makomar askar da ta yi ritaya, domin idan mai ita ya rasu, sau da yawa 'yan jari-bola ne ke sayen ta a kan sikeli, da farashin kowane ruɓaɓɓen ƙarfe.

Ta yaya ta iso Yola?

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, lokacin da ƙarfen wanzami ke fitowa daga maƙera. Daga baya kogin Binuwai ya buɗe wata ƙofa. Kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin masarautar Ingila a 1886, ya yi ciniki a bakin kogin tun kafin sojojin Birtaniya su ci Yola a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu. Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a matsayin tashar jiragen ruwa da matattarar 'yan kasuwa. Ta gabas, Garwa ta faɗa hannun Jamusawa. Adamawa ke nan ta zauna tsakanin kasuwanni biyu, kuma kowace ƙasa tana da birnin da ya shahara da ƙera aska: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus.

Yadda ake karanta aska

Matakin farko shi ne rabe ta gida da ta waje. Askar maƙeri galibi ƙarfe guda ce, ba ta da tambari, kuma akan ga sawun guduma a jikinta. Ta Turai tana naɗewa cikin mariƙinta, an kuma buga mata suna a gindin ƙarfen.

Wannan rubutu ya fi komai amfani. Dokar Ingila ta 1887 ce ta sa kayan Jamus suka fara ɗaukar shaidar ƙasar da ta ƙera su. A 1890 Amurka ta yi tata dokar, wadda daga 1891 ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata. Shi ya sa masu tara aska ke ɗaukar wadda ke da sunan Sheffield kaɗai, babu na Ingila, a matsayin mai yiwuwar girmar 1891. Alama ce dai, ba hukunci ba, domin kayan da aka yi don wasu kasuwanni ba su shiga ƙarƙashin dokar ba.

Sai tambari. Joseph Rodgers na Sheffield yana buga tauraro da kuros, Henckels na Solingen 'yan biyu, Böker kuma bishiya. Duk askar da ke ɗauke da sunan Dovo ba ta girmi 1906 ba, shekarar da aka kafa kamfanin. Haka nan wadda aka rubuta cewa ba ta tsatsa, domin sai a 1913 aka samar da irin wannan ƙarfe a Sheffield.

Mariƙi ma shaida ne. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo, hauren giwa yana da siraran layuka masu gittawa, ƙaho kuma yakan ɓare falle-falle idan ya tsufa. Akwai kuma wata roba ta zamanin da, wadda idan ta fara ruɓewa take fitar da iska mai sa ƙarfe tsatsa. Irin wannan sai a ware ta da sauran.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne kai ta wurin mai injin wasa wuƙa domin ta yi ƙyalli. Injin yana shafe tambarin, ya tafi da shekarun askar. Tsumma da ɗigon mai sun wadatar.

Abin da doka ta ce

A nan ma'aikacin tarayya da ya je Yola aiki ya kamata ya yi hattara kafin ya sa tsarabar a jaka. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar NCMM mai kula da gidajen tarihi, ta lissafa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi. Ta taƙaita cinikinsa ga waɗanda hukumar ta amince da su, ta kuma hana fitar da shi ƙasar waje ba tare da izini ba. Wato askar maƙeri, wadda kasuwa ta raina saboda ba ta da suna, ita ce doka ta fi karewa.

Ita ce kuma ta fi saurin ɓacewa. Askar Solingen tana da kundin kamfani da zai faɗi shekarunta, amma ta maƙerin Yola ba ta da wani kundi sai bakin dattijon da ya gaje ta. Shi ya san wanda ya ƙera ta da gidajen da ta shiga ranar suna.

Yola tana da gidan tarihi na ƙasa, akwai kuma na Fombina a fadar Lamiɗo. Abin da ya rage shi ne a zauna da wanzaman da sarakunan askarsu, a ɗauki hoton kowace aska, a rubuta labarinta tun masu labarin suna raye. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma dattawan da suka yi aiki da waɗannan asake kullum raguwa suke yi.