Gidan Gahawar Fishawi da Teburin Mai Shayi

A birnin Alƙahira, cikin kasuwar Khan Halili, daf da Masallacin Sayyidina Husaini, akwai wani gidan gahawa da a ke kira Fishawi. Tun ƙarshen ƙarni na 18 aka kafa shi, watau shekara fiye da 200 ke nan, zuriya guda kuwa ke riƙe da shi. An ce mafarinsa wani mutum ne da ya saba dafa wa abokansa gahawa bayan sallar dare, har wurin ya zama majalisa. Ɗaliban Azhar da fatake da marubuta duk sun zauna a kujerunsa, cikinsu har da Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988.

To, mu nan ƙasar Dambatta da Bichi, gahawa ba ta kama mu ba, goro da shayi suka tsaya a madadinta. Amma teburin mai shayi shi ma majalisa ne. Nan manomi ke jin kuɗin gero da gyaɗa, da ranar rabon taki. Sai dai namu yakan mutu tare da mai shi. Saboda haka, malaman makaranta, lalle ku rubuta tarihin na garinku tun dattawan da suka san mafarinsa suna raye.